Kwano Ɗaya Tsakanin Miji Da Mata

  Yau zancenmu a kan wata 'yar kwalba ce wadda ta shigo gari ta fara ɗaukar hankalin mata, musamman amaren zamani. Wadda ta leƙa manyan kantunan birni ta gan ta jere kusa da madara da ganyen shayi, wadda kuma ba ta je ba ta gan ta a waya. Abin da ke cikinta wani irin cakulan ne mai laushi kamar man shanu, ana lakuta a shafa wa burodi. Wanda ya fi suna a cikin irinsa shi ne Nutella.

A hotunan da ake watsawa a TikTok da Instagram kusan kullum abu ɗaya za ki gani. Ga miji ga mata a zaune, ga kwalba a tsakaninsu, wannan ya lakuta ya ba wannan a baki, suna ta dariya. Sai amarya a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kai, wasu dai sun dace." Daga nan kuma sai ƙorafi ya biyo baya, wai maigida bai iya zaman aure na zamani ba, tun da bai taɓa shigowa da kwalbar a leda ba.

To, 'yar'uwa, abin da ya burge ki a hoton nan abu ne mai kyau, kuma ba laifi ba ne ki so shi. Sai dai ina ganin kin ɗora idonki a kan kwalba, alhali kuwa abin da zuciyarki ke nema shi ne zaman da suka yi. Ra'ayina shi ne, gidajenmu suna bukatar miji da mata su riƙa zama su ci abu a kwano ɗaya, ko da sau ɗaya a yini, kuma wannan ba ya bukatar ko kwabo ya fita zuwa ƙasar waje.

Asalin kwalbar

Bari mu fara da asalin abin, domin wadda ta san asalin kaya ba a cika yi mata wayo a ciniki ba. Akwai wani gari a arewacin Italiya ana ce masa Alba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu koko ya yi wuya ƙwarai a ƙasar, ina nufin kokon da ake yin cakulan da shi, ba kokon gero da muke sha da ƙosai ba. To, a wannan lardi Allah ya hore musu wani ɗan itace mai ɓawo, ƙwayarsa kamar gujiya, mai maiƙo kamar gyaɗa, Turawa na ce masa hezilnot. A 1946 wani mai sana'ar kayan zaƙi, Pietro Ferrero, ya niƙa wannan ƙwaya da sukari, ya sa ɗan koko kaɗan, ya yi curi ana yankawa ana ɗorawa a kan burodi. Ba shi ya fara dabarar ba, masu cakulan na birnin Turin sun daɗe suna yin ta tun ƙarni na 19. A 1951 aka sassauta haɗin ya zama na shafawa, sa'an nan a 1964 ɗansa Michele Ferrero ya gyara shi ya raɗa masa suna Nutella. Kin ga ke nan, abin da yau ake ɗauka kayan 'yan gayu, asalinsa dabarar ƙara auki ce a lokacin babu. Daidai yake da uwargidar da nama ya yi mata tsada ta ƙara wa miya wake.

Mutanen wannan yanki namu kuwa ba yau suka fara sanin Italiya ba. Kamfanin da ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, watau Impresit, na Italiya ne, a lokacin reshe ne na kamfanin Fiat na birnin Turin, yanki ɗaya da Alba. Ruwan madatsar nan shi ke shayar da gonakin rani na Maradun da Mafara da Bakura, kuma cikin abin da aka yi fatan samu da shi har da alkamar burodi. Dattawan da aka tasa daga gonakinsu da gidajensu, da waɗanda suka ga rikicin watan Afrilu na 1980, za su gaya miki cewa duk abin da ya zo daga waje, kafin a yi guɗa gara a tambaya nawa ne kuɗinsa, wa kuma zai biya.

Saboda haka mu ma mu tambaya. In kwalbar ta zo hannunki, juya bayanta ki karanta, ko ki ba 'yarki 'yar makaranta ta karanta miki. Ƙa'ida ce a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Na farko a jerin sukari ne. Na biyu manja ne da aka tace. Shi hezilnot ɗin da ake ta zuzutawa kashi 13 ne cikin 100, madarar gari ba ta kai kashi 9 ba, koko kuwa kashi 7 ne da 'yan kai. A kowane giram 100 akwai sukari wajen giram 56, watau fiye da rabin kwalbar sukari ne tsagwaronsa. Babban cokali biyu yana ɗauke da sukari giram 21, kimanin ƙaramin cokali 5. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, in da hali ma ya tsaya a 6. To, ki haɗa da wanda kika zuba a shayi, ki ga inda aka kwana tun hantsi bai yi ba. Ciwon sukari da ciwon haƙori ba su san soyayya ba. Ko a Amurka, a 2012, sai da kamfanin ya yarda ya biya kimanin dala miliyan 3 bayan da wata uwa a Kalifoniya ta kai ƙara cewa tallarsa ta nuna abin kamar lafiyayyen karin kumallo ne na yara.

Sai maganar kuɗi. Wajen kashi biyu cikin uku na hezilnot na duniya a Turkiyya ake noma shi, a gaɓar Baƙin Teku. Mafi yawan kokon duniya kuwa daga Afirka ta Yamma yake fita, daga Kwaddibuwa da Gana da kuma kudancin Nijeriya, irin su Jihar Ondo. Watau kokonmu ne yake haye teku, a kwaɓa shi da sukari, ya komo mana da farashin dala. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, kuma a 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya. A shekarar 2024 ne kuma aka sa mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. Ki tsaya ki yi lissafi da kanki, kuɗin kwalba ɗaya tiya nawa ta gero ko dawa za su sayo a kasuwar Mafara ran Talata. Matar da ta tada hankalin gida a kan wannan, lalle ta manta cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Abin da muka rasa

Amma kada mu tsaya ga zagin kwalba mu tashi, domin masu talla ba wawaye ba ne. Sun san sukari kaɗai ba zai sa mace ta yi ajiyar zuciya ba, shi ya sa suka ɗora shi a kan hoton miji da mata suna ci tare. Sun taɓa mu a inda ke mana ƙaiƙayi.

Ki dubi yadda yini ke tafiya a galibin gidajenmu. Da asuba maigida ya tafi masallaci, daga can sai teburin mai shayi, ya sa a haɗa masa mai kauri, da burodi da ƙwai, wani lokaci har da indomi. Ke kuwa kina gida da yara kuna ɗumamen tuwo ko kunun da ba sukari. Da rana yana gona ko kasuwa ko ofis. Da magariba kin sha hayaƙi kin tuƙa tuwo, kin zuba masa a kwano mafi kyau, kin tsame masa naman da ke cikin miyar, yaro ya ɗauka ya kai ƙofar gida. Can zai ci da abokansa, a yi hira har dare ya raba. Ke kuma ki ci naki a tsaye a bakin murhu, ko ki kankare ƙanzo bayan yara sun ƙoshi. In ya shigo kin yi barci, in ma ba ki yi ba, ga sabuwar kishiyar da ba a biya mata sadaki ba, watau waya, tana hannunsa. Haka za a shekara goma, a haifi 'ya'ya biyar, miji bai san ko matarsa tana son yaji a abinci ba, ita kuwa ba ta taɓa ganin fuskarsa sa'ad da ya kai lomar girkinta baki ba.

Abin mamaki, al'adarmu ta san muhimmancin cin abu tare, domin da shi take buɗe aure. Daren da aka kai amarya, abokan ango sukan zo da alewa da goro su sayi baki. Ango ya shigo da kazar amarci da madara, su zauna su biyu su ci a faranti ɗaya, kuma sau da yawa a nan ne maganar farko take fita. Iyayen amarya su aiko da gara, ga nakiya ga alkaki ga dubulan, duk don bakin gidan ya yi zaƙi. To, me ya sa abin da muka yarda yana buɗe bakin amarya a daren farko, muke ganin ba shi da amfani a shekara ta biyu? A gidaje da yawa kazar amarci ita ce ta farko kuma ita ce ta ƙarshe.

Ki lura da abin da kwano ɗaya ke yi. Mutum biyu ba su iya sa hannu a kwano ɗaya suna gaba, dole ɗaya ya sauko. Hannu na aiki, ido na kan abinci, saboda haka maganar da ke da nauyi a faɗa ido cikin ido sai ta zo da sauƙi. A nan za ki ce masa takalmin yaro ya tsinke, ko kuɗin jarrabawar yarinya ya ƙarato, ba a bakin ƙofa ba sa'ad da ya sa hula yana sauri, inda kowace magana take zama kamar bashi ake bin sa. A nan shi ma zai gaya miki taki ya yi tsada, ko albashi bai shigo ba, ki san dalilin da cefane ya ragu, maimakon ki zauna kina zargin aure zai ƙara. A nan za ki gane ba shi da lafiya tun kafin ya faɗa, domin kin ga ya rage ci. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma saɓanin da aka kwana da shi aka tashi aka karya kumallo tare, da wuya ya kai gaban alƙali. Yawancin auren da ke mutuwa ba babban laifi ke kashe shi ba. Ƙananan maganganu ne da ba su sami wurin fita ba, suka taru suka ruɓe a ciki.

Mu a Zamfara muna da wani dalili kuma na daban. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya aka kuma dakatar da kasuwannin mako-mako saboda 'yan bindiga. Matar da mijinta ya kama hanya a lokacin, ba ta da yadda za ta ji ko ya sauka lafiya sai ta gan shi. Wadda ta taɓa zama tana sauraren ƙarar babur a ƙofar gida har dare ya yi, ba sai an gaya mata ba cewa safiyar da Allah ya tashe su tare a gida ɗaya ba ƙaramar kyauta ba ce. Bai kamata a riƙa kai irin wannan safiya teburin mai shayi kullum ba.

Masu cewa a'a

Na san abin da wasunku za su ce. Na farko, kunya. Za ki ji wata dattijuwa ta ce, "Mu sa'ad da munka yi aure, ko sunan miji ba mu kamawa, balle mu ci tuwo gabanai. Ɗiyan zamani dai ba su da ta ido." Kunya ado ce, ba mai musun wannan, kuma ba na kira ga kowa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta riƙa ba miji abinci a baki gaban surukai. Yin haka rashin tarbiyya ne. Amma kunya tana da wurinta. Tsakaninki da mijinki a cikin ɗaki, wane ne baƙon da ake jin kunya? Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sha a ƙoƙo ɗaya da Nana A'isha, har ya sa bakinsa a inda ta sa nata. Ya kuma shaida wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa mutum yana da lada ko a kan lomar da ya sa a bakin matarsa. Ashe abin da muke gani a waya muna cewa na Turawa ne, namu ne muka yar.

Na biyu, tsoron bakin mutane, kada a ce an mallake shi, ya zama mijin-ta-ce. Maganin wannan yana hannunki. Kada zamanku ya zama sanadin da uwar miji za ta ga an rage mata wani abu. In kin haɗa shayi, kofin farko nata ne, ki kai mata da kanki ki durƙusa ki gaishe ta. Uwar da ta ga ɗanta ya yi ƙiba, ita ma ba a manta da ita ba, da wuya ta tada magana.

Na uku, gidan da ke da mata biyu ko uku ko huɗu. A nan abin yana bukatar hankali, domin ƙaramin abu ke tada babbar wuta. Ƙa'idar ita ce ta ranar girki. Wadda ke da girki ita ke zama da shi, kuma abin da ya yi a ɗakin amarya lalle ya yi shi a ɗakin uwargida. Namijin da ya ɓoye kwalbar cakulan a babbar riga ya kai wa amarya, ya bar uwargida da 'ya'yanta suna jin ƙamshi, ya sayi fitina da kuɗinsa. Ke kuma amarya da kika karɓa kina murna, ki tuna uwargidan nan ita ma an taɓa kawo mata kaza.

Na huɗu, ciyayya. Wasu maza za su ce, so kuke mu bar cin abinci da maƙwabta? Ko kusa. Ciyayya tana cikin mafi kyawun abin da muka gada. Kowane magidanci ya fito da kwanonsa, mai nama da mai lami su ci tare, baƙo ya samu, almajiri ya samu, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ba wanda ya sani. Ba mai hankalin da zai ce a kashe wannan. Amma abinci sau nawa ake ci a yini? A bar wa ƙofar gida tuwon dare, a ba cikin gida karin kumallo. In safiya ba ta yiwuwa saboda sammakon gona, to, ga furar dare bayan an tashi daga hira. Minti goma sha biyar sun isa.

Namu na gida

To, da me za a zauna? Da abin da Allah ya hore. Kunun gyaɗa da ƙosai, ko hoce, ko fura da nono a ƙwarya ɗaya da ludayi biyu, ko dafaffen dankali da ƙuli-ƙuli. In kuwa ranki na son abin shafawa a burodi, ki tuna da abin da mutumin Alba ya yi: ya dubi abin da ƙasarsu ke da shi ya yi amfani da shi. Mu gyaɗa muke da ita. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ake kwasar gyaɗar ƙasar nan ana kai wa Turai, kuma har yau ba ta ƙare ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar gyaɗa sinadarin gina jiki ne, abin da yara masu tasowa ke bukata. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga yadda za ki yi. Ki sami gyaɗa gwangwanin madara 4, ki tsince ta sosai. Duk wadda ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ko ta yamushe, ki zubar, kada ki ji asara, domin irinta kan ɗauki wani dafi da ake kira afalatoksin, wanda ke yi wa hanta illa, kuma suya ba ta kawar da shi. Ki soya ta sama-sama kamar za ki yi ƙuli-ƙuli, kada ta ƙone, ki murje ki fece. Ki kai inji a markaɗa ta har sau biyu ba tare da ruwa ba, ki kuma roƙi mai injin ya goge shi tukuna, don kada ki kwaso tattasan wata. Kada ki matse man, a bar shi a ciki, shi ne laushin. Sai ki zuba garin koko babban cokali 4, da sukarin da kika daka ya yi laushi babban cokali 6, da ɗan gishiri kaɗan, da man gyaɗa cokali 2, ki juya da busasshiyar muciya har ya haɗe. In garin koko bai samu ba, Bournvita ko Milo za su yi, sai dai ki rage sukari domin suna da nasu. Ki zuba a kwalba mai tsabta wadda ta bushe ƙarau, ki rufe, ki ajiye a wuri mai sanyi. Ruwa shi ne abokin gabarsa, saboda haka kada a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki, kuma ki yi kaɗan-kaɗan yadda zai ƙare cikin mako ɗaya ko biyu. In akwai yaron da gyaɗa ke sa wa ƙuraje ko kumburi, kada a ba shi. A wannan haɗi sukari bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, ga shi kuma ke kika san abin da ke ciki. Wadda ta ƙware ma tana iya sayarwa, ta sami na sabulu.

Ran da kika gama, kada ki yi dogon bayani. Ki tashi da wuri ki dafa ruwan zafi, ki share ɗaki, ki yi wanka ki sa tsabtataccen zane, domin ba wanda ke son zama da mai warin hayaƙi. In ya dawo daga masallaci ki ce, "Malam, ga ɗan abin da na gwada, ɗanɗana ka gaya mini ko ya yi." Namiji na son a nemi ra'ayinsa. In ya zauna, kada ki tare shi da jerin bukatu a ranar farko, ki bari ya saba da wurin tukuna. In bai zauna ba, kada ki yi fushi, gobe ma rana ce. Abin da aka shekara goma ba a yi ba, ba a gyara shi a safiya ɗaya.

Ku 'yan makaranta

Ku kuma 'yan matana, wannan magana ta shafe ku tun yanzu. Ku ne kuka fi kowa kallon hotunan nan, kuma ku ne samari ke zuwa wa da leda. Ku sani, hoton da kuka gani na minti ɗaya an shirya shi ne, an gyara haske an maimaita dariya, wasu ma biyan su aka yi. Ba wanda ke ɗaukar hoton ranar da aka rasa kuɗin cefane. Kada ki auna saurayi da tsadar toshinsa. Kwalbar cakulan kowa na iya saye, har da wanda ya ci bashi, har da wanda ya saya wa 'yan mata uku a rana ɗaya. Ki auna shi da wannan: in kina magana yana saurare? Yana tambayar yadda karatunki ke tafiya, ko kuwa so yake ki bari? Yaya yake yi wa mahaifiyarsa da ƙannensa mata magana? Wanda bai iya zama da uwarsa minti goma ba, ba zai zauna da ke ba.

Ku riƙe karatunku da kyau. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau nan a Talata Mafara, ba sai an yi nisa ba. Yarinyar da ta iya karanta bayan kwalba ta lissafa sukarin da ke ciki, ta fi ƙarfin mai talla, kuma gobe ita ce za ta tsare lafiyar gidanta. Ku kuma riƙa lura da iyayenku. In kin ga Inna kullum ita ce ta ƙarshen ci, a tsaye, ki karɓe ta aiki ta zauna ta ci a natse.

Saƙo ga maigida

Daga ƙarshe, uwargida, in kin gama karanta wannan shafi ki ajiye shi inda maigida zai gani, domin wannan sashe nasa ne. Malam, kuɗin da kake kashewa kai kaɗai a teburin mai shayi, in ka sayo ganye da sukari da burodi ka kawo gida, da kai da ita da yara duk za ku sha. Mai shayi ba zai yi jinyarka ba, ba kuma shi zai riƙe maka 'ya'ya in ka yi tafiya ba. In Allah ya hore maka ka sayo kwalbar kanti sau ɗaya don marmari, da salla ko ranar farin ciki, ba laifi, a ci kaɗan a raba daidai. Amma kada ka miƙa leda daga bakin ƙofa ka juya. Ka tuɓe takalmi ka zauna. Matar da ta yini tana hura wuta dominka ta cancanci ta ji ka ce an gode, tana kallon fuskarka.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya sa albarka a kwanonmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.